Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullin ƙofar ruwa
a Kadawa, inda magudana ta rabu gida uku.
In na murɗa ƙarfen sau bakwai da asuba,
kafin hantsi albasar Ɗan'azumi ta sha,
tumatirin Sale Dogo ya sha,
har alkamar can ƙarshe, wajen tsamiya.
Ba na taka gonar kowa, amma ina shayar da kowa.

Sai ga Barira ta dawo daga Wudil da kwamfuta a jaka,
ta kafa tebur a ɗakin buhunan shinkafa,
faifan sola biyu bisa kwano, batir ƙarƙashin gado.
Na ce, aikin me?
Ta ce, Baba, kiwo nake.
Na leƙa tsakar gida: awaki uku, su ma na uwarta.
Ta yi dariya. Na'urori ne, kowace sunanta uwar garke,
an jera su kan kanta kamar sandunan sabulu
a wani gini a Legas mai sanyin randa,
wasu ma a ƙetaren teku, ba ta taɓa ganinsu ba.
Dubu biyu da ɗari huɗu.
Ban ce komai ba, na kurɓi ruwa.

Da can, in ji ta, kowace da yarenta,
ta wannan kamfani a lallaɓa ta ta nan,
ta wancan a zagaya ta bayanta,
kamar injinan ban-ruwan Alhaji Tanimu:
ɗaya sai an ja igiya, ɗaya sai an ɗura masa ruwa a baki,
na ukun kuwa sai an zage shi.
Mutum ya kwana tsaye yana bin su ɗai-ɗai.
Yanzu an yi musu ƙofa guda, harshe guda.
Yadda za ta tambayi ɗaya zafin jikinta
haka za ta tambayi dubu.
Layi uku na rubutu, ta ce su kwanta, su kwanta,
ta ce su tashi, su tashi, ba bulala, ba tsawa.

Daren Laraba na ji wayarta ta ƙi yin shiru.
Na ɗauki cocila na shiga.
Goma sha biyu ta yi niyyar kashewa,
ta manta layin da ke cewa iya nan,
ɗari uku suka mutu lokaci guda.
Ban san me za a riƙe ba, ko me za a toshe.
Na zauna kan buhu
na ba ta labarin shekarar da gyangyaɗi ya sa na murɗa tara,
ruwa ya shanye irin albasar Ɗan'azumi,
na biya buhu biyu, bai amsa gaisuwata ba har babbar salla.
Ba na jin ta saurara. Yatsunta kawai ke gudu.
Goma-goma ta riƙa tayar da su,
tana kiran lambobinsu ƙasa-ƙasa,
har ladan ya yi kiran farko, ta kife kai a tebur,
ta ce, saura biyu, waɗannan sai an je da hannu.
Uwarta ta turo kunu, ya huce ba mai taɓawa.

Ƙofa ɗaya daɗi gare ta,
sai dai kuskurenta ma ba ya tsayawa gona ɗaya.

Jiya ta biyo ni bakin magudana, ba kwamfuta.
Na miƙa mata makullin, ya yi mata nauyi.
Ta murɗa sau ɗaya, ta tsaya.
Na ce, saura shida.
Ta ce, bari tukuna.
Ta karyo kara ta jefa,
muka zuba masa ido mu biyu
mu ga hanyar da zai bi a ruwa.